Ƙasan 504 ɗin Baba duk tsatsa ta cinye, ya zan yi?

Mai 504: Salam jama'a. Na fito da 504 ɗin marigayi Baba, haɗin Kaduna ce, so nake in tada ta. Jiya na ɗaga kafet ɓangaren direba wallahi ƙasa nake hangowa, na danna sukundireba a gefen ramin ya shige kamar biskit. Wani ya ce a ɗora farantin ƙarfe a kai a shafe da fila, wato abin cike lotsawar bodi, kawai. Ya kuka gani?

Fanel Bita: Allah ya jiƙan Baba. Kar ka soma, tsatsa in ka rufe ta ci gaba take da ci ta ciki. Yankewa za a yi har giranda ta kai ga farin ƙarfe. Kuma 504 ba kamar Beetle ba ce da ake kwance noti a ɗaga bodi, ita ƙasanta a walde yake da bodin shi ke riƙe motar, a gama gefe ɗaya tukuna kafin a taɓa ɗayan, in ba haka ba ƙofofi su ƙi rufuwa ka dawo kana zagin mai aiki.

Ɗan Kano: Ka leƙa Ƙofar Ruwa, ko Panteka in kana Kaduna, ka nemi tsohon bodi a yanko ma ƙasan da layukansa na kamfani.

Fanel Bita: In ba a samu ba faranti mai kaurin 1mm ya isa, a fitar da siffar a kwali, a buga masa layuka da guduma don kar ya riƙa ƙara kamar ganga. Banda galbanaiz, wato farantin da aka lulluɓe da zinc, hayaƙinsa wajen walda guba ne. Walda ɗigo-ɗigo ana tsallakawa, in aka ja ta a tsaye farantin murɗewa zai yi.

Alhaji Direba: Yaro ka tsaya a kansu su cire batir, su janye fayif ɗin mai da na birki. Ni wani mai waldar kabaid ya ƙona min wayarin a gabana.

Mai 504: Subhanallahi. To bayan walda fa Alhaji?

Alhaji Direba: Jan fenti mai hana tsatsa sama da ƙasa, sai sila, wato gam mai hana ruwa shiga, a bakin waldar. Amma ta ina ruwan ya shigo? Duba robar gilashin gaba, ka sa a watsa bokiti ɗaya kana zaune a ciki.

Mai 504: Robar kam duk ta tsage. Asabar zan shiga Panteka insha Allah.