Neman kalma: me za mu kira furosesa da Hausa?

Salamu alaikum ƴan uwa. Kwana uku ke nan maganar nan tana cina, jiya ma a fadarmu ta Birni har shayi na uku ya huce ba mu gama ta ba, shi ne na ce bari in kawo ta nan kowa ya sa baki. Ɗan abin nan mai kusurwa huɗu da ke cikin kwamfutar cinya, wanda in ka kwance bayanta za ka tarar da shi kwance ƙarƙashin bututun jan ƙarfe kusa da fanka, mu nan Damagaram mu ce furosesar irin ta Faransanci, ƴan uwanmu na Kano su ce furosesa, to da Hausa fa? Kuma ba shi kaɗai ba, har da lambobin da ake jerawa bayan sunansa.

Abin da ya tado ni, ƙanwata ce da ke jami'a, shekarar rubuta memuwar ɗinta, wato kundin kammala karatu, ta daɗe tana tara kuɗi ta je wani shago sayen ordinatar ta hannu. Biyu aka ajiye mata, ɗaya mai furosesar i7-7500U ɗaya mai i5-8250U, mai shago ya ce ai bakwai ta fi biyar, ga kuma 2.7 a jikin wannan ga 1.6 a jikin waccan ke ma kin gani da idonki, sai ta cika kuɗi ta ɗauki i7 ɗin. Ban ce da gangan ya yi ba, wataƙila shi ma haka ya ji ana faɗa. Amma wallahi raina ya ɓaci, don i7 ɗin nan ta 2016 ce mai kor 2, i5 ɗin kuwa ta 2017 ce mai kor 4, in aka tara musu aiki da yawa lokaci ɗaya i5 ɗin ce ke gaba nesa ba kusa ba. Ga shi kuma jerin furosesar Intel da Windows 11 ta amince da su galibi daga rukuni na 8 ya fara, ita kuwa i7 ɗin ta rukuni na 7 ce, Windows 10 kuma Microsoft ta daina kula da ita tun 14 ga Oktoba 2025. Na zauna in mata bayani sai na ji bakina cike da kalmomin aro, kor, tired, kash, turbo, tana ta gyaɗa kai amma na san maganar ba ta shiga ba.

Mu fara da shi uban gayyar. Mutum huɗu a fada suka ce ƙwaƙwalwa, a nan ma na ga masu cewa haka. Ni ban yarda ba. Kalmar nan an ɗora mata kaya fiye da ƙima, ita kanta kwamfuta na'ura mai ƙwaƙwalwa muke ce mata, RAM ma, wato ma'ajiyar wucin gadi, wasu ƙwaƙwalwa suke cewa, har katin ajiyar waya akwai masu kiransa haka, to in ka ce wa mai saye ƙwaƙwalwarta babba ce wacce kake nufi a ciki? Sannan abin nan ba tunani yake ba. Tarin ƴan makunnai ne da ke buɗewa suna rufewa, na farko da Intel ta fitar kasuwa a 1971, wato 4004, guda 2,300 ne a cikinsa, M1 na Apple da ya fito a 2020 kuma guda biliyan 16, ko miliyar 16 kaman yadda muke faɗa a nan. Ana zuba masa umarni yana juya shi yana fitar da sakamako, iyakarta ke nan. Sarrafawa yake.

Don haka ni masarrafi na zaɓa, jam'i masarrafai. Ba sabon gini ba ne a Hausa, ginin mabuɗi ne da madubi da ma'auni da marufi, duk kayan aiki ne da aka cire daga sunan aikinsu. Malam da ya ce me zai hana masarrafa, Allah ya gafarta Malam, wannan ginin na wuri ne, kaman maƙera da marina da majema, ka ga masarrafa sai ta fi dacewa da ma'aikatar da ake sarrafa kaya, kuma na sha ganin marubuta suna amfani da ita ga manhaja. Mu bar musu tasu, mu riƙe namijin.

Yanzu ga inda aka fi kai ruwa rana, kor. Masarrafi ɗaya yana iya ƙunsar ma'aikata da yawa a cikinsa kowanne yana cin gashin kansa, su ne ake ƙirgawa a ce 2 ko 4 ko 10. Bafaranshe zuciya yake ce musu, in ka buɗe Windows ta Faransanci haka za ka gani a rubuce, shi ya sa wani ƙanena ya ce mu fassara kai tsaye a wuce wurin. To ƙanena gwada faɗa da baki ka ji, kwamfutata zuciya biyu gare ta. Bahaushe da zuciya ɗaya yake son a yi masa abu, mai zuciya biyu ba abin yabo ba ne balle huɗu. Wani ya kawo ƙwaya, ma'anar ta yi daidai ƙwarai amma kowa ya san abin da kunne zai fara ji in aka ce ƙwaya a garin nan, ba zan so yaro ya tsaya a Kasuwar Dole yana tambayar ƙwaya nawa ba. Cibiya kuma ɗaya ce a jikin mutum, ba ta ƙirguwa.

Amsar a tsakar gidanmu na same ta. Shekaranjiya da hantsi ina zaune da kwamfutar ƙanwar tawa a cinya, matan yayyena biyu suna surfen gero a turmi ɗaya, wannan ta ɗaga taɓarya waccan ta sauke, kafin ta ɗaga ɗayar ta sauko, turmin bai taɓa zama haka nan ba ko na ƙiftawar ido, suna yi suna tafi tsakanin bugu da bugu. Lugude. Na ajiye kwamfutar na tsaya kallo, don abin da na kwana biyu ina fama in faɗa ne ake yi a gabana.

Kor turmi ne. Tired kuma, wato layin aikin da kor ke karɓa, taɓarya ce. Fasahar nan da Intel ta shigo da ita a 2002 mai suna Hyper-Threading, wadda ke sa kor ɗaya ya karɓi layin aiki biyu, lugude ce ba ƙari ba ragi, sa'ad da aiki ɗaya ya tsaya jiran a kawo masa bayani sai ɗayan ya faɗa turmin. Kuma abin da ya fi burge ni shi ne kalmar da kanta tana gyara kuskuren da mutane ke yi, duk wanda ya taɓa ganin daka ya san taɓarya biyu a turmi ɗaya sun fi taɓarya ɗaya sauri amma ba za su kamo turmi biyu ba, don ramin ɗaya ne geron da zai ɗauka ma ɗaya ne. Masu ganin tired 8 su ce kor 8 ne da shi, da Hausa ba za su yi wannan ruɗun ba. Na ƙanwata turmi 2 taɓarya 4, wanda ta bari a shago turmi 4 taɓarya 8. Haka na faɗa mata da yamma, ba ta sake tambayata ba sai cewa ta yi Yaya ashe an bar ni da rabin masu daka.

Wata Hajiya ta ce turmi ai na atamfa ne, za a rikice. Gaskiya ne Hajiya kalmar tana da wannan ma'anar, amma tun kaka da kakanni turmin daka da turmin zane suke zaune a baki ɗaya ba a taɓa aiken yaro ya sayo wannan ya dawo da wancan ba, zance ne ke rarrabewa. Na uku ma zai samu wurin zama.

Na gwada ta a kan sababbi in ga ko za ta karye, ba ta karye ba. Daga rukuni na 12 Intel tana haɗa kor iri biyu a masarrafi ɗaya, masu ƙarfi da masu tsimin wuta. Ɗauki i5-1235U, an rubuta kor 10 tired 12, lissafin da ke ɗaure wa mutane kai. Da tamu kalmar: manyan turame 2 kowanne da taɓarya biyu, ƙananan turame 8 kowanne da taɓarya ɗaya, huɗu da takwas sha biyu. Ƙananan su ne na dakan yaji da daddawa, ƴan ayyukan da ke gudana a bayan fage ba tare da sun sha batir ba.

In an karɓi turmi to GHz ya zo da sauƙi, bugu ne. GHz ɗaya bugu biliyan ɗaya a sakan, sunan ma'aunin daga Heinrich Hertz ne masanin kimiyya ɗan Jamus, wannan ba sai mun taɓa shi ba kaman yadda ba mu taɓa kilo da mita ba. Shi 4004 ɗin can bugu 740,000 yake a sakan. Amma yawan bugu kaɗai ba ya faɗa maka tsakin da za a samu, bugun ƙaƙƙarfar mace da na yarinya ƴar shekara goma ba ɗaya ba ne ko da tare suke saukewa, sabon masarrafi yakan gama aiki mai yawa a bugu ɗaya fiye da tsoho. Da bugu ne komai da masarrafin Pentium 4 da ya kai 3.8 GHz tun 2004 yana nan yana mulki. Zafi ne ya tare hanyar, shi ya sa masu ƙira suka koma ƙara turame, a 2006 Core Duo ya shigo kwamfutocin cinya da turmi biyu.

Lambobi biyun da ake rubutawa kuma, 1.6 zuwa 3.4 a jikin i5-8250U, 2.7 zuwa 3.5 a jikin i7-7500U, na farkon bugun yau da kullum ne, na biyun shi ne turbo, ni sukuwa nake so mu ce. Wanda ya ga hawan salla a ƙofar fadar Sarkin Damagaram ya san doki yana sukuwa ne ɗan taƙi a ja linzami, ba a wuni ana yi. Mai shagon can tafiya ya gwada wa ƙanwata bai gwada mata sukuwa ba, da ta ga 3.4 da 3.5 ai da ta san tazarar ba ta kai ta kawo ba.

Wannan kuma ya fi shafarmu mu da muke zaune inda zafin Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40. Masarrafan nan biyu iyakarsu digiri 100, in suka doshi wurin da kansu suke rage bugu don kar su ƙone, sai ka ji fanka tana ta kuka kwamfuta tana jan ƙafa kai kuma ka ɗauka bairos ne. Sau da yawa ƙurar hunturu ce ta toshe mafitar iska, ko man da ke tsakanin masarrafi da bututun ya bushe ya zama kaman busasshiyar laka, ko kuma an ɗora ta kan katifa. Ga wannan ragewar jan linzami ya ishe mu tunda mun riga mun ce sukuwa. Harafin ƙarshe ma a riƙa dubawa, irin waɗannan masu U wat 15 aka tsara musu, masu H na zamaninsu wat 45, sun fi ƙarfi amma sun fi zafi da shan batir, wanda ke aiki inda wuta ke zuwa tana tafiya ya san wanda zai fi masa.

Rukuni da nake ta faɗa, wani ya rubuta ƙarni na 8, a'a ƙarni shekara ɗari ne. Yayanmu mai gyaran kwamfuta a Zango ya ce zubi, kaman zubin bulo, zubi na 7 zubi na 8, na ji ta fi tawa daɗi na karɓa. Lambar farko bayan ɗan layin ita ke nuna shi, 8250U zubi na 8, daga zubi na 10 kuma lambobi biyun farko.

Saura kash, ƴar ma'ajiyar nan mai tsananin sauri da ke cikin masarrafin kansa, MB 6 a i5 ɗin, MB 4 a i7 ɗin. Rumbu dai an riga an ba babbar ma'ajiya, RAM sai ta zama masakin da aka ɗebo hatsi aka ajiye a tsakar gida, kash kuma ƙwaryar da ke gindin turmi wadda mai daka ke miƙa hannu ta ɗiba ba tare da ta ɗaga ƙafa ba. Ni ƙwaryar gindi nake cewa, Yayanmu ya ce ta yi tsawo a ce ƙoƙo kawai tunda ƙarama ce, a nan ne muka rabu jiya kuma ina son jin ta bakinku, musamman iyayenmu mata da suka fi mu sanin kayan daka.

Kafin nan duk mai kwamfuta a kusa ya danna Ctrl da Shift da Esc tare, a madannan Faransa Maj da Échap aka rubuta, ya shiga shafin da ke nuna ƙwazon na'ura ya karanto mana nasa da Hausa mu ji yadda zai zauna a baki. Yayanmu ya ce ranar Alhamis zai manna takarda a jikin kwamfutoci guda uku da ke teburinsa, ta farkon ga abin da muka rubuta mata: masarrafi i5, zubi na 8, turmi 4, taɓarya 8, bugu 1.6, sukuwa 3.4.