Mai wa'azin ƙiyayya ya rasu: ku da abin ya taɓa shafa, yaya kuka yi?

Jagoran ajin nazari: 'Yan'uwa, salama. Gardama ta ɓarke a ajinmu na nazarin Littafi Mai Tsarki, wasu na cewa Allah ya raba mu da mugun iri, wasu na cewa ba a zargin gawa. Wanda ya taɓa zama ƙarƙashin mai wa'azin da bakinsa ba ya fitar da komai sai zagi da tsinuwa, sannan aka wayi gari ya mutu, ya ba mu labarin abin da ya yi.

Wata uwa: Ɗana, ni na ɗanɗana. Da 'yata ta yi ciki ba aure, daga kan mumbari ya kira sunanta, ya sa ta miƙe a gaban jama'a, ya ce zuriyarmu la'ananniya ce. Har yau ba ta sake taka ƙofar coci ba. Ran da labarin mutuwarsa ya iso, sai na ji kamar an sauke mini dutse daga ƙirji. Duk da haka na je gaisuwa, don matarsa ba ta taɓa yi mini komai ba. Ta riƙe hannuna ta ƙi saki, tana cewa, "Mama, har da ke?" Abin da ya ƙona mini rai jana'izar ce. Wannan ya tashi ya ce uba ne mai tausayi, wancan ya ce makiyayi ne nagari. Duk a kunnen 'yata. Ita wa ya leƙa ta?

Wani fasto: Sannu, Mama, Ubangiji ya warkar da ita. An taɓa ɗora mini wa'azin jana'izar irin wannan mutum. Na tsaya a kan Ezekiyel 33:11, inda Allah ya ce ba ya jin daɗin mutuwar mugu, ya fi so ya tuba ya rayu. Ban yabe shi ba, ban kuma yanke masa hukunci ba. Na dai faɗa a fili cewa akwai waɗanda kalamansa suka yi wa rauni, kuma ikilisiya ta yi shiru lokacin da ya kamata ta tsawata. 'Yan'uwansa biyu suka fice. Amma Littafi Mai Tsarki kansa ba ya shafa wa mamaci mai a baki: 2 Tarihi 21:20 ta ce Sarki Yehoram ya yi mulki shekara 8, ya mutu ba wanda ya damu.

Ɗan'uwa mazaunin Amurka: Ina nan lokacin da Fred Phelps ya mutu a watan Maris na 2014. Shi ya kafa cocin Westboro a Topeka, jihar Kansas, mabiyansa kuwa su ne masu zuwa wurin jana'izar sojoji da kwalaye suna gode wa Allah da mutuwarsu. A 2011 Kotun Ƙoli ta ce 'yancin faɗin albarkacin baki ya ba su wannan dama, alƙalai 8 suka amince, 1 ya ƙi. Da ya mutu mutane da yawa sun so a rama a wurin jana'izarsa, sai ga shi ba a ma yi taron jana'izar ba. Wata abokiyar aikina da ba ta addini ta tambaye ni, "Naku ne, ko?" Na ce sunan Kirista kawai muke tarayya, amma abin da ya koyar ba bishara ba ne, kuma ba zan yi rawa a kan kabarin kowa ba.

Wata 'yar'uwa: Baba Fasto, a yi mini afuwa, amma Karin Magana 11:10 ma ta ce idan mugaye suka hallaka akan yi sowa. Kada a sa wanda aka zalunta ya ji ya yi zunubi don hankalinsa ya kwanta.

Wani fasto: Gaskiyarki, 'yata, samun sauƙi ba laifi ba ne. Murna da faɗuwar maƙiyi ce Karin Magana 24:17 ta hana. Shawulu ya yi ta farautar ran Dawuda, amma da ya mutu Dawuda makoki ya yi masa.

Ɗan wani mai wa'azi: Na yi ta rubutu ina gogewa. Mahaifina irin mutumin da kuke magana ne. Shi ya koya mini karatu, shi ne kuma ya kori ƙanena daga gida da aya a bakinsa. A zaman makoki wani mutum ya zo, ya gaishe ni, ya ce, "Babanka ya raba ni da iyalina, amma kai ka yi rashi, Allah ya ba ka haƙuri." Wannan gaisuwar ta fi shiga raina a kan duk yabon da aka yi ta zubawa. Yanzu dattawan cocin suna neman faya-fayan wa'azinsa su ɗora a intanet. Na ce musu a'a, mahaifiyata kuma ta daina yi mini magana a kan haka. Baba Fasto, in kana da lokaci ina son mu tattauna mu biyu.