Kariya ko akwati a saman mota? A ba ni shawara kafin Sallah

Baban Ilham: Assalamu alaikum jama'a. Sallar nan in Allah ya kai mu, Malumfashi za mu yi ta, daga nan Kaduna za mu tashi, mu bakwai har da Hajiya, a Sienna ɗin nan tawa. In yara suka cika kujerun baya, but ba ya ɗaukar kayanmu. Ina so in sa wani abu a sama. Na ga iri uku: kariyar ƙarfe, akwatin roba mai makulli, da wata jaka ta tamfol mai zif da ake ɗaurewa da bel. Wanne ya fi? Waɗanda suka taɓa amfani da su su taimaka.

Ɗan Rigasa: Wa alaikumus salam. Panteka kawai, Yallaɓai, wurin masu walda. Ka kai mota da safe, kafin la'asar an ƙera maka.

Maman Sadik: Akwati. Ba ma sai an ja zance ba.

Alhaji Na-Kawo: Baban Ilham, ka saurare ni kafin ka kai motarka gaban kowane mai walda. Ni Corolla gare ni, samanta sumul, babu ƙarfen da za a kama. Wani yaro da aka haɗa ni da shi ya ce ba matsala, zai yi mini ƙugiyoyi huɗu da za su kama bakin ƙofa. Ya samo bututun ƙarfe mai kauri, irin wanda ake rumfa da shi, ya yi mini kariyar da sai da ƙarti biyu suka ɗaga ta. Na ce anya nauyin nan? Ya ce ai ƙarfinta ke nan, Alhaji. Ko roba bai sa a ƙarƙashin ƙafafunta ba.

Tun daga Maraban Jos ta fara fito. Duk na taka mota sai ƙarar ta ƙaru, har ba ma jin juna a ciki. Mun wuce Jaji da kaɗan wata tirela ta gifta mu, iskarta ta buge mu, sai na ji ƙarau a kaina. Ƙugiyar gaba ta ɓangaren direba ta kuɓuce, kariyar ta zame baya a karkace, ta kwashe fenti tun daga tsakiyar rufi har kusa da gilashin baya. Uwargida ta ɗauki salati, yara suka fashe da kuka. Allah ya tsare babu mota a bayanmu. A gefen titi muka sauke kaya kaf, sai wani mai a-kori-kura na tare ya kai mana su Zariya, kuɗin da ya caje ni kuwa kada ku tambaya.

Abin bai tsaya nan ba. Ƙugiyoyin sun danne robar ƙofa sun lalata ta, damina ta sauka ruwa yana ɗiga a kafaɗata. Rufin ya lotsa wuri biyu. Na koma wurin yaron, ya ce wai ni na cika gudu. Har yau kariyar tana bayan gida, kaji ke kwana a kai. Duk mai so ya zo ya ɗauka kyauta.

Ɗan Rigasa: Alhaji, tsakani da Allah me da me ka ɗora mata?

Alhaji Na-Kawo: Kayan sawa.

Oga Bakanike: Ranka ya daɗe, ni na canza maka shokozoba bayan tafiyar nan fa. Kayan sawa ba sa zubar da shinkafa a kan rufi.

Alhaji Na-Kawo: Buhu ɗaya ne, shi ma na surukata. Kai kuma ban kira ka shaida ba.

Maman Sadik: Hahaha, Allah ya bar zumunci.

Injiniya: Buhun nan ɗaya shi ne maganar gaba ɗaya. Kowace mota akwai iyakar nauyin da kamfani ya yarda a ɗora mata a sama, yana cikin littafinta. Yawancin motocin gida tsakanin kilo 50 ne zuwa 100, da yawa 75. Sienna irin tawa kilo 68 aka rubuta. Baban Ilham, duba littafin taka, in babu shi ka nemi na shekarar motar a intanet. Kuma lissafin ya haɗa da nauyin kariyar kanta. Akwatin roba yakan kai kilo 15 zuwa 25 tun ba a sa komai ba, ga sandunan da zai hau. Ka ga abin da ya rage maka bai kai buhun shinkafa mai kilo 50 ba. Kariyar walda da bututu mai kauri kuwa ita kaɗai tana iya cinye rabin lissafin.

Ba wai rufin zai rufta nan take ba. Matsalar a kwana take da birki. Nauyi in ya hau sama mota takan yi tangaɗi, in ka kauce wa rami da gudu sai ta kwanta gefe fiye da yadda ka saba. In ka taka birki da ƙarfi kayan suna son ci gaba da tafiya, abin da ke riƙe da su kawai shi ne notuna huɗu ko ƙugiya.

Ɗan Rigasa: To Injiniya, Sharon ɗin haya na tashar Kawo da Mando da ke ɗaukar rabin kasuwa fa? Su ba su da littafi?

Oga Bakanike: Su a but suke lodi, ƙofar a buɗe an ɗaure da igiya. Kuma ka zo gareji ka ga yadda sifirin ɗinsu ke dawowa.

Kawu Tanko: Yaran zamani. Mu da muka tuƙa Fijo 504 da ake haɗawa a Kakuri ba mu san wannan surutu ba. Tana da kwata a gefen rufi, kariya ta kama kwatar nan, ka ɗaure noti, shi ke nan har Maiduguri. Motocin yanzu an shafe kwatar, shi ya sa kuke wahala.

Injiniya: Gaskiyar Kawu ce a nan. Shi ya sa yanzu ƙafar kariya take zuwa daidai da samfurin mota. Wasu motocin ma in ka ɗaga siririyar robar da ke kan rufi za ka ga ramukan noti da kamfani ya tanada.

Baban Ilham: Tawa tana da ƙarafa biyu dogaye a sama, daga gaba zuwa baya. Babu na gicciye.

Injiniya: To ka huta da abin da ya sami Alhaji. Sanduna biyu na gicciye za ka nema. Ka leƙa Oriyafata wurin masu kayan Beljiyam, a ciro maka na Sienna. Duk abin da za ka sa, akwati ko kariya, a kansu zai zauna, ba a kan fenti ba.

Hajiya Unguwar Rimi: Ku maza kuna ta ƙarfe da noti, ba wanda ya tambayi me za a zuba a ciki. Kayan Sallah ne fa, ɗinkin yara, shaddar maigida da aka kai bugu, mayafai. A buɗaɗɗiyar kariya ko an rufe da tamfol ƙura sai ta shiga, in kuma hadari ya haɗo a hanya an gama. Tamfol ɗin ma in iska ta sami bakinsa haka zai yi ta kaɗawa har ya yage. Mu akwati gare mu, na Thule, 'yan Suwidin, na hannu muka saya. Bargo, sallaya, filo, jakunkunan yara masu laushi, duk sama. Kula da jarkar ruwa da kayan miya suna ƙasa. In mun tsaya salla a Zariya mu kulle mu tafi hankali kwance.

Amma ka duba da kyau in na hannu ne. Ka buɗe ka rufe a gaban mai sayarwa, ka tabbatar makullin na aiki, ka duba gindinsa ko akwai tsagewa kusa da inda ake ɗaurewa. Wanda rana ta gasa launinsa yakan koɗe, robar ta yi ƙamas, irin wannan ba ya daɗewa.

Maman Sadik: Abin da na faɗa tun farko ke nan, Hajiya, ba wanda ya kula ni.

Ɗan Rigasa: Akwatin nan da ke kama da makara? Ka shiga gari da shi a sama mutane su fara Inna lillahi.

Malam Liman: Ɗan Rigasa, a kiyaye harshe, tafiya ake shiryawa.

Ɗan Rigasa: Afuwan, Malam. To ragon layya fa, a ina zai zauna?

Oga Bakanike: A cinyarka.

Abu Hanifa: Ba wanda ya yi maganar mai. Tun da aka cire tallafi a 2023 ni duk abin da zai ƙara wa mota sha ba na so. Komai ka ɗora a sama yana tare iska, kuma gwargwadon gudunka gwargwadon shan. Kariya da kaya tsibi ta fi akwati ci, don shi an yi masa baki siriri. In an dawo kuma a cire, kada a bar shi ana yawo da shi daga Malali zuwa Barnawa babu komai a ciki. Ni jakar tamfol na saya, in an gama tafiya in naɗe ta in jefa a but.

Hajiya Unguwar Rimi: Jakar da reza ɗaya ta isa?

Abu Hanifa: Hajiya, ni ba na barin mota ba kowa. Kuma kuɗin akwatinku zai saya mini jaka nawa?

Injiniya: Jaka ba laifi in tafiyar sau ɗaya ce ko biyu a shekara. A shimfiɗa tabarmar roba a ƙarƙashinta saboda fenti, kayan ciki a sa a leda don zif ba ya hana ruwan sama mai ƙarfi. A ɗaure da bel mai ƙugiya da ake ɗanawa, ba robar tayar mota ba. Roba tana miƙewa. In motar mai rufin gilashi ce a bar maganar jaka.

Kawu Tanko: Robar tayar da ta kai mu ko'ina shekara da shekaru ita ce yau ba ta da kyau?

Baban Ilham: Kawu, ta Hunƙuyi za mu bi ko ta Funtuwa? Na kwana biyu ban bi ba.

Kawu Tanko: Hunƙuyi, Ɗanja, Ƙafur, ka shiga gida. Ta fi kusa.

Alhaji Na-Kawo: Funtuwa dai. Da iyali a mota gara inda akwai gidajen mai da masu faci. Kuma a fita da sassafe, kada la'asar ta same ku a hanya.

Kawu Tanko: Wanda kariyarsa ta tsaya a Jaji ne zai koya mini hanya?

Alhaji Na-Kawo: Kawu, girmanka nake gani.

Sarkin Zaure: Jama'a a dawo kan magana. Hanya a tambayi direbobin tasha ana gobe tafiya, su ke bin ta kullum.

Oga Bakanike: Baban Ilham, ko me ka zaɓa ka kawo ta in duba taya da birki. Mutum bakwai da kaya ba wasa ba ne. A jikin ginshiƙin ƙofar direba akwai takarda mai nuna iskar taya da nauyin da motar ke ɗauka gaba ɗaya, kayan sama ma a ciki suke. Ka tsaya wajen Jaji ka sake ɗaure bel, yakan saki bayan an fara tafiya. Kuma lodin da ya wuce ƙa'ida laifi ne a dokar hanya, kada ka ba da ƙofa. Gudu ma 100 ne iyaka a tagwayen titi irin na Kaduna zuwa Zariya, da kaya a sama ni ko 90 ba na kaiwa.

Maman Sadik: Zuwa ba shi ne matsala ba, dawowa ce. Malumfashi fa za su. Masara, gero, man gyaɗa, daddawa, kowace gwaggo da ƙullinta, kuma ba a cewa a'a.

Hajiya Unguwar Rimi: Hatsi a kai tasha a ba direba, a karɓa a Kawo. Haka muke yi.

Baban Ilham: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Gobe zan leƙa Oriyafata neman sandunan. Hajiya Unguwar Rimi, akwatin naku lita nawa yake ci?

Hajiya Unguwar Rimi: Sai maigida ya dawo in tambaye shi. Ka auna tsayin get ɗinka da rumfar mota tukuna, namu sai a waje muke ɗora shi.

Abu Hanifa: In jaka ce ka zo ka ari tawa, bana a Kaduna zan yi Sallah.

Ɗan Rigasa: Alhaji Na-Kawo, da gaske kyauta ce kariyar nan? Zan turo yaro da Keke Napep.

Alhaji Na-Kawo: Na fasa. Kilo-kilo zan sayar wa 'yan gwangwan.

Sarkin Zaure: Waɗanda ba su turo kuɗin watandar sa ba, Juma'a za a rufe.