Musayar baiti: ɗan bara ko ɗan sarki

Ɗan Wunti:
Salamu alaikum, kwana biyu zauren nan yayi tsit, bari in jefa muku wani abu kan Tafawa Ɓalewa, kafiya wa ce, mai iyawa ya ɗauka

Bismillahi da shi nake buɗewa,
Zan waƙe Garba ɗan garin Tafawa.

Ɗan Yakubu Ɗan Zala bai da sarauta,
Barantaka yake gidan Ajiya ba musawa.

Ba rawani ba alkyabba ya gada,
Allo ya ɗauka, boko na biyowa.

Daga Bauchi sai Katsina kwalejin manya,
Ya dawo da alli yana koyarwa.

Ɗan Rabah:
Kai wanga yaro, zancen asali ka ka yi gaban Basakkwace?

Ɗan Wunti tsaya ka ji ni da kyawo,
In ana batun asali sai Sakkwatawa.

Gamji ɗan Ibrahim jikan Atiku,
Na Bello na Shehu, kai ta ƙirgawa.

Shi ya aiki naka Ikko shi zamna,
Shi na Kaduna shi na ta tsarawa.

Baban Ummi:
Allahu akbar! Ɗan Rabah ka gama magana, a rufe zaure kawai

Ɗan Wunti:
Baban Ummi kai dama duk abin da ya fito daga Sakkwato tafi kake masa ko tari ne. Yaya Ɗan Rabah karɓi

Salsalar da ka jero mun ji mun yarda,
To a talatin da takwas me ya hana naɗawa?

Gadon Sarkin Musulmi ya so ya haye,
Abubakar aka ba, Gusau aka yi turawa.

A gida Abubakar, a Ikko Abubakar,
Duk inda Amadu ya je mu ke gabatowa.

Malam Mai Aruli:
Ku yi haƙuri in katse ku. Ɗan Wunti ɗangonka na farko gaɓa 11 ne, ka zo kan "barantaka yake gidan Ajiya ba musawa" ka kai 15, wane bahari ne wannan fisabilillahi? kuma "ba musawa" ciko ne kawai don kafiya ta fito, sannan ita kanta kafiyar wa ɗin ko ɗan firamare zai kwana yana zubo ta, zuwa tahowa komawa, ina gwanintar take

Ɗan Wunti:
Malam ni da kunne nake awo, in an rera ta zauna daram

Malam Mai Aruli:
To kunnen ne ke son a duba shi

Gwaggon Sudawa:
Tunda an raina wa ni na sauya, ga ya. Kuma ku maza kun ishe mu da uba da kaka kamar daga sama mutanen nan suka faɗo

Kun ƙirga uba kun ƙirga kaka,
Wa ya tuna da wadda ta sha wuya?

Inna Fatima ce ta goyi Ɓalewa,
Ba a ambace ta ba kun wuce gaba ɗaya.

Gamji yana yaro uban ya rasu,
Kafin rawani sai da ya zam maraya.

Ni nawa gwanin Aminu ɗan Yusufu,
Karatun fari a gaban Rakiya.

Gidan malamai ne na Genawa,
Ya bar inuwar ya bi talaka rariya.

Baban Ummi:
Gwaggo an fara kenan, daga waƙar asali sai NEPU

Gwaggon Sudawa:
Ɗana ai ba ni na kawo siyasa ba, kuma ka tambayi Ɗan Wunti, Malam Aminu a Midil ta Bauchi ya fara koyarwa tare da Ɓalewan, suna ta muhawara da su Sa'adu Zungur tun kafin a san za a yi wata NEPU a 1950, kuma a 1950 ɗin ne shi kansa Ɓalewa ya miƙe a majalisa a Kaduna ya ce a gyara mulkin En'e sarakuna suka yi ta huci, to ɗan bara ne ya san inda abin ke ciwo

Bazazzagi:
Gwaggo Kanawa dai ba ku iya ganin taro ku wuce sai kun baza haja

Na Bauchi na Rabah na Sudawa duka,
Kwalejin da ta yi su yau tana Zariya.

Ranar da aka ƙulla wa Gamji jangali,
Ina ya ɗaukaka ƙara? Nan Zariya.

Malam Mai Aruli:
Zariya da Zariya ba kafiya ba ce, maimaici ne

Bazazzagi:
Malam sunan ne da daɗi shi yasa na faɗa sau biyu

Bagere Na Asali:
Sai yanzu na samu data na ga abin nan. Ɗan Wunti na gode amma ka tsallake abu ɗaya, mahaifinsa Bagere ne, kullum sai a ce Bahaushe ko Bafulatani a shafe mu

Ku ce Bagere in kuna faɗin gaskiya,
Uwa ce ta haɗa shi da Fulani ta wajen uwa.

ban iya waƙa ba amma saƙon ya isa

Ɗan Rabah:
Ya isa ƙwarai. Malam Mai Aruli kai ko tun ɗazu gyara ka kai, aza muna baiti guda mu gani

Malam Mai Aruli:
Bismillah

Mai awon baiti ba ya gaggawa,
Sai ya auna gaɓa da ƙafa sannan ya zo yana furtawa.

Gwaggon Sudawa:
Innalillahi! Malam ɗangon nan naka na biyu ai sai an hau acaɓa kafin a kai ƙarshensa, kuma wa ɗin da ka raina ita ka koma

Malam Mai Aruli:
Da gangan na yi don in nuna muku yadda karyewar kari take

Ɗan Rabah:
Mun ji. Ɗan Wunti kak ka zaci na manta da zancen 1938, caji na ya ƙare, amsarka na nan tahe bayan isha'i kuma ƙwar biyar ce