Jama'a, "parish" fa da Hausa me za mu ce?

Salamu alaikum. Tun jiya nake fama da wani rubutu a kan Clonmacnoise, wani yanki ne na karkara a tsakiyar ƙasar Ailan, bakin kogin Shannon, kalma ɗaya ta tsaya min a wuya: parish.

Wani abokina ya ce in rubuta farish kawai, na ce haba, ai mai karatu sai ya ɗauka Faris ta Faransa nake nufi. Wani malami kuma ya ce ikilisiya. To ikilisiya ai jama'ar da ke taruwa ne, majami'a kuma ginin, shi kuwa wannan abin ƙasa ce mai iyaka, da gonaki da shanu da maƙabarta, har gwamnati ta yi ta amfani da ita wajen ƙidaya da haraji.

Ku dubi wurin ma. Sunan da yarensu fadamar 'ya'yan Nós yake nufi, kuma da gaske fadama ce, lokacin sanyi kogin ya cika ya malale ta, gefe ga dausayi mai laka da ba ya takuwa, sai wani dogon tudun tsakuwa da ya zama hanya daga gabas zuwa yamma. Daidai inda tudun ya haɗu da kogi wani waliyyin Kirista mai suna Ciarán ya kafa gidan zuhudu wajen shekarar 544, bai ma cika shekara a wurin ba annoba ta ɗauke shi. A zamaninsa babu wani parish fa, gidajen zuhudu ke riƙe da komai, sai a taron shugabannin coci na shekarar 1111 aka yanka ƙasar yanki-yanki, kowane da bishop ɗinsa, daga baya aka datsa ta ƙanana, su ne parish ɗin.

Ni dai gunduma ta fi kwanta min, tunda a can kowace tana ɗauke da ƙananan yankuna da suke kira townland, sun haura dubu 60 a tsibirin, kamar dai unguwanni a ƙarƙashin hakimi. Gundumar coci kenan in ana maganar fada (limamin coci) da mabiyansa, ta gwamnati kuwa gunduma zalla, don iyakokinsu ba kullum suke zuwa ɗaya ba.

'Yan uwa Katolika na Kaduna da Jos, ku da fada-fadan Ailan suka daɗe a wajenku, a bakin tsofaffi me kuke ji ana cewa? In ba haka ba gobe da gundumar coci zan tura.