Neman Kalmar Hausa: Yaya Za Mu Kira "Riding" Ta Kanada Wadda Aka Soke?

'Yan uwa masu fassara da marubuta, ina so mu tsayar da magana a kan wata kalma da ta tare mini hanya yayin da nake rubuta tarihin York South, wani yankin zaɓe a yammacin birnin Toronto, a lardin Ontario. Mutanen Kanada suna kiran irin wannan yanki "riding", kuma na ga wani ɗalibi ya juya ta "hawan doki" a daftarinsa. Kalmar ba ta haɗa komai da doki ko sirdi ba. Asalinta daga tsohon harshen Arewacin Turai ne, ma'anarta kashi ɗaya cikin uku, domin a da an raba Yorkshire ta Ingila gida uku: arewa, gabas da yamma. Don haka "mazaɓa" ita ce tushen fassarar.

Inda gizo ke saƙa shi ne, a Kanada suna ɗaya yakan hau mazaɓu biyu. An yi York South mai tura wakili majalisar tarayya a Ottawa, an kuma yi York South mai tura wakili majalisar Ontario da ke Toronto, saboda haka dole a ce "mazaɓar majalisar lardi" domin mai karatu ya san wadda ake nufi. Wasu sun fi son "jiha", suna cewa Ontario tana da majalisar dokoki da Firimiya nata, alhali lardin da kakanninmu suka sani, kamar Lardin Kano ko na Zazzau, yana hannun Razdan ne, ba shi da majalisar dokoki ta kansa. Hujja ce mai nauyi, amma kunnen Bahaushe ya riga ya saba da "lardin Ontario" a labaran rediyo, kuma ban ga ribar sauya shi ba.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda za a nuna cewa mazaɓar ba ta nan yanzu. An kafa York South ta majalisar lardi a 1926. Ted Jolliffe, shugaban jam'iyyar CCF (Co-operative Commonwealth Federation) a lardin, ya ci ta a 1943, ya faɗi a 1945, ya dawo a 1948, ya sake faɗuwa a 1951. Donald MacDonald ya karɓe ta a 1955, ya riƙe har 1982, sannan ya sauka domin ya bar wa Bob Rae na jam'iyyar NDP (New Democratic Party, wadda ta gaji CCF) kujera. Daga wannan kujerar Rae ya zama Firimiya a 1990. Da ya yi murabus a 1996, Gerard Kennedy na jam'iyyar Liberal ya ƙwace ta. A zaɓen 1999 kuwa babu ita, domin gwamnatin Firimiya Mike Harris ta rage kujerun majalisar daga 130 zuwa 103.

Mazaɓar da ta shekara saba'in da uku ai tsohuwa ce tun kafin a soke ta, don haka "tsohuwar mazaɓa" za ta bar mai karatu cikin shakka, yana tsammanin har gobe ana kaɗa ƙuri'a a cikinta. Mun saba cewa "rusasshiyar jam'iyya" ga wadda aka narkar cikin wata, kuma abin da ya sami York South ke nan, tunda an raba unguwanninta ga sababbin mazaɓu irin su York South-Weston. Shawarata ita ce mu rubuta "rusasshiyar mazaɓar majalisar lardi ta York South", a jadawalin sakamako kuma mu sanya "zaɓen cike gurbi" a gaban nasarar Rae ta 1982 da ta Kennedy ta 1996.