Neman kalma: idan na'ura ce ta amsa tambayoyin jin ra'ayi a madadin mutane, me za mu kira abin?

Mai shirin Asabar: Salam jama'a, don Allah a agaza min, gobe da ƙarfe goma zan naɗi shiri kuma kalma ɗaya ta tsaya min a wuya. Turawa na ce masa silicon sampling. Maimakon a bi mutane a tambaye su, sai a ce wa ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT, ke mace ce 'yar shekara 45, kina zaune a jihar Jojiya, kina zuwa coci duk Lahadi, wa za ki zaɓa? Ta amsa, a sauya mata shekaru da gari da addini a sake tambaya, haka har sau dubbai, sai a tattara a ce ga ra'ayin Amurkawa. Lisa Argyle da abokan aikinta na jami'ar Brigham Young ne suka raɗa sunan a binciken da ya fito a 2023, sun gwada wata ƙirƙirarriyar basira mai suna GPT-3 da bayanan zaɓukan 2012 da 2016 da 2020 suka ga amsoshin sun yi kusa da na mutane. Kar a ce min "samfurin silikon", mahaifiyata na sauraren shirin kuma ba abin da za ta tsinta a ciki.

Ɗan Fagge: Yaya ai mai sauƙi ne, jin ra'ayin bogi. Kamfanin Aaru ya yi irinsa a 2024 ya ce Kamala Harris ce za ta ci, Trump ya tashi da ƙuri'un wakilai 312 ita 226.

Mai shirin Asabar: Ƙanena idan na ce bogi na riga na yanke hukunci kafin baƙona ya buɗe baki. Kuma masu tambayar mutane na gaske ma ai sun sha ƙasa a 2016 a jihohi irin su Wiskonsin, ba wanda ya ce da aikinsu bogi.

Malamin Hausa: Bogi ba tamu ba ce, samfur ma haka. Ni tun bara nake cewa 'yan amshin na'ura. Ɗan amshi ba ya ƙirƙirar baiti, abin da uban waƙa ya rera shi yake maimaitawa, ita ma na'urar rubutun da aka ɗura mata take amsawa. Har ɗalibaina sun fara amfani da ita.

Hajiya mai fassara: Allah ya gafarta malam, kalmar ta yi daɗi amma ta amsa rabin tambaya ne, ta ba mu sunan masu amsawa ba sunan aikin ba. Sannan da an ji 'yan amshi hankali sai ya tafi kan 'yan majalisar da ba sa musa wa gwamna. Ni dai kwaikwayon jin ra'ayin jama'a zan ce.

Malamin Hausa: Kalma huɗu Hajiya! Wannan ai bayani ne ba suna ba. Haka kullum kuke yi a gidajen rediyo, ku jera jimla ko ku ari ta Bature, shi ya sa Hausa ba ta samun kalmomin kimiyya nata na kanta.

Hajiya mai fassara: Malam ra'ayi daga Larabci take, jama'a ma, ƙuri'a ma, har basirar da kake koyarwa da ita. Aro bai taɓa kashe Hausa ba. Kuma mu da kake zargi minti biyu ake ba mu kafin labarai su tafi, ba zangon karatu guda ba.

Bazindira: Mu a Nijar sondaj ake ce wa jin ra'ayin jama'a, kowa ya gane. Abin da ke damuna duk sanda aka zauna raɗa kalma sai a yi kamar Hausa ta tsaya a Kano, a gama a aiko mana.

Ɗan Fagge: To ai daidaitacciyar Hausa a kan ta Kano aka gina ta, ba laifinmu ba ne.

Bazindira: An gina rubutu, ba a gina bakin mutane ba.

Tsohon mai ɗaukar bayanai: Ku yi haƙuri in sa baki. Na yi shekaru ina wannan aikin gida-gida, in yi sallama a zaure a shimfiɗa min tabarma, wani lokaci matar gida daga bayan labule take amsa min, idan maigida ya shigo sai in ji amsar ta sauya, idan ya fita ta ce rubuta ta farkon. Wata tsohuwa sai da ta yi shiru ya kai minti biyu kafin ta gaya min ba za ta ƙara fita zaɓe ba. Ita wannan ba ta taɓa rubuta komai a intanet ba, to daga ina na'ura za ta koyi muryarta? Ko a Amurka da rubutunsu ya cika intanet, masu bincike sun ga amsoshin na'urar sun fiye kama da juna, ba sa warwatsuwa kamar na mutane, kuma sukan karkata wajen masu ilimin boko. Duk sunan da za ku zaɓa, ya zama wanda ya ji shi zai san ba a tambayi kowa ba.

Mai shirin Asabar: Baba wannan ita ce maganar da nake nema tun safe. Kwaikwayo na ɗauke da ita, don kowa ya san ɗan wasan kwaikwayo ba shi ne sarkin ba ko da ya sha rawani. Zan buɗe da ta Hajiya in yi bayani sau ɗaya, daga nan in riƙa cewa kwaikwayon ra'ayi. Su masu amsawar ne har yanzu ban samu ba.

Ɗan Fagge: Sojan gona fa?

Hajiya mai fassara: Sojan gona yaudara yake yi a ɓoye, waɗannan kuwa a fili suke cewa na'ura suka tambaya. Ɗauki ta Malam a nan, amma ka haɗa da na'ura kullum.

Malamin Hausa: To. Ban janye ba dai, kwaikwayon ra'ayi bai nuna akwai na'ura a ciki ba, mutum ma yana kwaikwayon ra'ayin ubangidansa. Idan shirin ya fita a turo min in ji yadda 'yan amshin suka zauna a bakinka.

Bazindira: Ni ma a turo, zan kunna wa 'yan gidanmu in ga ko za su gane ba tare da na ce sondaj ba.